Me Ya Sa Ruwa Ke Rage Gudu Idan Mazurari Ya Kusa Cika?

A ɗauki tanki biyu, kowanne tsayinsa mita 6, kuma bakin kowanne da'ira ce mai radiyos mita 2, wato daga tsakiyarta zuwa gefe mita 2 ne. Na farko silinda ne, faɗinsa ɗaya tun daga gindi har baki. Na biyu siffar mazurari gare shi, tsininsa a ƙasa, yana ƙara buɗewa yayin da ake yin sama. A sakar wa kowannensu famfo mai zuba ruwa kiyubik mita 3 a minti ɗaya, lita 3,000 ke nan. Idan zurfin ruwan ya kai mita 3, da wane sauri samansa yake hawa a kowane tanki?

Irin wannan tambaya ɗalibin kalkulas, wato reshen lissafin da ke nazarin yadda abubuwa ke canzawa, yake cin karo da ita jim kaɗan bayan ya koyi fitar da saurin canji. An ba ka saurin abu ɗaya, ana neman saurin wani abin da ke ɗaure da shi. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki darasin a matsayin tarin ƙa'idojin da za a haddace, ta mazurari daban, ta ƙwallo daban, ta silinda daban. A ganina wannan ne ke sa darasin ya yi musu nauyin da ba shi da shi. Tunani ɗaya ne a ƙarƙashinsu duka, kuma wanda ya kama shi zai iya warware tambayar da bai taɓa ganin irinta ba, har ma da wadda bai san ƙa'idar girman cikinta ba.

Bari mu daidaita alamomi tukuna. V shi ne girman ciki, yawan sararin da ruwa ko iska ko yashi ya cika. h zurfi ne ko tsayi, r radiyos, t lokaci. Idan aka rubuta dV/dt ana nufin saurin da V ke canzawa a daidai wani lokaci, dh/dt kuma saurin hawan zurfi. Wannan salon rubutu na Gottfried Leibniz ne, Bajamushen da ya buga hanyarsa a 1684. Isaac Newton na Ingila ya riga shi isa ga dabarar, kuma yadda ya kalli lamarin ya fi kusa da abin da muke yi a nan. A wajensa kowane adadi gudana yake yi tare da lokaci. A rubutun da ya yi a 1671, wanda ba a buga ba sai a 1736, bayan rasuwarsa, matsalar farko da ya sa a gaba ita ce: idan an san alaƙar da ke tsakanin adadai masu gudana, a nemo alaƙar da ke tsakanin saurinsu. Tambayar tankinmu ke nan ba ƙari ba ragi. Abin da littattafan makaranta ke maƙalawa a tsakiyar zango kamar wani ƙaramin reshe, daga shi aka faro.

Makamin aikin shi ne ƙa'idar sarƙa. Idan V ya dogara da h, h kuma ya dogara da t, to

dV/dt = (dV/dh) × (dh/dt).

Ba sai an yi dogon bayani ba kafin a yarda da ita. Idan kowace mita ɗaya ta ƙarin zurfi tana cin ruwa kiyubik mita 12, ruwan kuma yana hawa rabin mita a minti, ai kiyubik mita 6 ke shiga a minti. Abin da kalkulas ya ƙara kawai shi ne cewa lambar 12 ɗin nan tana iya sauyawa daga wannan zurfi zuwa wancan.

A silinda ba ta sauyawa. V = πr²h, inda π yake kusan 3.14, kuma r na nan a mita 2 komai yawan ruwan, saboda haka V = 4πh, dV/dt = 4π × dh/dt. A sa 3 a hagu, a raba da 4π, wato kusan 12.57, sai a samu dh/dt kusan mita 0.24 a minti. A zurfin mita 1 haka ne, a zurfin mita 5 ma haka ne. Ba abin da za a tsaya a kai.

A mazurari ne gizo ke saƙa. Ruwan da ke ciki shi ma siffar mazurari ya ɗauka, ƙarami a cikin babba, girmansa kuwa V = (1/3)πr²h. Sai dai r a nan radiyos ɗin saman ruwan ne, kuma yana faɗaɗa yayin da ruwan ke hawa. Abubuwa biyu ke motsi, r da h, alhali sauri ɗaya tak aka ba mu. Dole a nemo abin da ya haɗa su, kuma siffar tankin ce ke ba da shi. Idan aka tsaga mazurarin daga baki zuwa tsini za a ga alwatika biyu masu kama da juna, babba na tankin, ƙarami na ruwan. A babban, radiyos 2 ne a kan tsayi 6, don haka a ƙaramin ma r sulusin h ne: r = h/3. Wannan alaƙa gaskiya ce a kowane lokaci, ko ruwan na ƙasa ko yana dab da baki, kuma saboda haka ne aka halatta a sa ta cikin ƙa'idar tun kafin a taɓa saurin canji:

V = (1/3)π(h/3)²h = πh³/27.

Saurin canjin h³ a kan h shi ne 3h², don haka

dV/dt = (πh²/9) × dh/dt.

Yanzu ne, ba kafin yanzu ba, za a kawo lambobin lokacin da ake tambaya a kai. Da h = 3, πh²/9 ya zama π. Sai 3 = π × dh/dt, dh/dt kusan mita 0.95 a minti. Ninki huɗu ke nan na saurin silinda.

A gwada wasu zurfafan domin a ga halin tankin. A mita 1.5 ruwan na hawa kusan mita 3.8 a minti. A mita 6, daidai baki, ya sauko zuwa 0.24. Tankin gaba ɗaya yana cin kiyubik mita 8π, kusan 25, zai cika cikin minti 8 da kusan daƙiƙa 23. Amma rabin tsayin na farko kashi ɗaya cikin takwas kawai na ruwan yake ɗauka, ana gama shi cikin minti ɗaya da kaɗan, sauran rabin ya cinye fiye da minti 7. Wanda ya kalli zurfi ya ce tanki ya yi rabi ya yi kuskure babba.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan darasi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin masu ƙoƙari ma yana kama su. Ɗalibi ya karanta cewa zurfi mita 3 ne, ya lissafa r = 1, ya yi murna ya sa shi nan take: V = (1/3)π × 1 × h. Daga nan dV/dt = (π/3) × dh/dt, amsa ta fito 9/π, kusan 2.86. Kowane mataki ya yi kama da daidai, amma amsar ta ninka ta gaskiya sau uku. Abin da ya faru shi ne, da ya rubuta 1 a gurbin r, ya shaida wa lissafin cewa radiyos ba ya motsi. Kamar mutum ne ya ɗaure doki a turke sannan ya ce zai auna gudunsa. Lambar 1 gaskiya ce a ƙiftawar ido guda, saurin canji kuwa tambaya ce a kan abin da ke faruwa tsakanin wannan ƙiftawa da mai bi mata.

Ana iya ganin ainihin abin da ya zubar idan aka bar r da h dukansu suna motsi, aka yi amfani da ƙa'idar saurin canjin abubuwa biyu da aka ninka:

dV/dt = (π/3) × (2rh × dr/dt + r² × dh/dt).

Tunda r = h/3, dr/dt ma sulusin dh/dt ne. Da r = 1 da h = 3, kashin farko na cikin baka ya ba da 2 × dh/dt, na biyu ya ba da 1 × dh/dt. Jimla 3, a ninka da π/3, a dawo kan π × dh/dt kamar ɗazu. Mai gaggawa ya riƙe 1 ɗin ya yar da 2. Kashi biyu cikin uku na lissafin yana cikin faɗaɗar da ya hana.

Don haka kafin a rubuta komai, a raba lambobin tambayar gida biyu. Akwai waɗanda ba sa sauyawa har a gama, kamar tsayin tankin da faɗin bakinsa, waɗannan ana iya sa su tun farko. Akwai kuma na lokaci guda, waɗanda galibi kalmar "lokacin da" ke zuwa gabansu, su sai sun jira an gama fitar da sauri. Zanen da ya fi amfani shi ne wanda aka rubuta lambobi a jikin abin da ke tsaye, aka rubuta haruffa a jikin abin da ke motsi.

To yanzu a koma kan wata lamba da ta wuce ɗazu. A bakin mazurari saurin hawa 0.24 ne, daidai da na silinda. Ba dace aka yi ba. A sake duba abin da ke ninka dh/dt a mazurari: πh²/9 ai π(h/3)² ne, wato πr², faɗin da'irar saman ruwan, ma'ana filin da ta rufe. A silinda ma 4π faɗin saman ruwan ne. Ruwan da ya shigo a ɗan ƙanƙanin lokaci shimfiɗuwa yake yi a saman wanda ke nan, ya zama siririn faifai, girman faifan kuwa faɗinsa ne a ninka da kaurinsa. Abin da ke ƙasa, tsini ne ko faffaɗan gindi, ba ruwan sabon ruwan da shi. Idan muka kira faɗin saman ruwa A, to a kowane irin mazubi,

dV/dt = A × dh/dt.

Wannan layi ne nake ganin ya kamata a fara koya wa ɗalibi kafin kowace ƙa'ida. Yana ma bayyana sulusin nan da ke cikin ƙa'idar mazurari. Tun zamanin Girkawa aka san mazurari sulusin silindar da ta yi daidai da shi a gindi da tsayi yake ci. Archimedes ya ce Democritus ne ya fara faɗin haka, Eudoxus ya kawo hujja. Da muka fitar da saurin canji, 3 ɗin da ya sauko daga h³ ya kashe sulusin, faɗin da'ira ya rage shi kaɗai. Da a ce ƙa'idar rabi ta ce ko rubu'i, da lissafin bai dawo kan faɗin saman ruwa ba, da an gane akwai matsala. A gaskiya wannan ita ce babbar ƙa'idar kalkulas sanye da wata riga: girman ciki tarin siraran faya-fayai ne, saurin ƙaruwarsa kuma faifan da ke sama.

Amfanin wannan yana fitowa sosai idan siffar ta yi wuya. A ɗauki kwano mai siffar rabin ƙwallo, radiyos santimita 10, ana zuba masa ruwa kiyubik santimita 60 a daƙiƙa, zurfin ya kai santimita 2. Akwai ƙa'idar girman irin wannan ruwa, V = πh²(3R − h)/3, inda R yake radiyos ɗin kwanon, amma ba kowa ke tuna ta ba, kuma ba a bukatarta. Saman ruwan yana santimita 8 ƙasa da tsakiyar ƙwallon, gefensa kuma yana santimita 10 daga tsakiyar, sai ƙa'idar Pythagoras, wadda ke haɗa gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90, ta ba da r² = 100 − 64 = 36. Faɗin saman 36π ne, kusan 113, ruwan na hawa 60 a raba da 113, kusan santimita 0.53 a daƙiƙa. Wanda ya bi ta doguwar ƙa'idar zai iso nan ɗin dai.

Ga wanda ya fi wannan. Tankin silinda a kwance, irin na motar dakon mai, tsawonsa mita 8, radiyos mita 1. Ƙa'idar girman man da ke ciki a kowane zurfi doguwa ce, sai an shigo da lissafin kusurwa. Amma saman man fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa 8, faɗinsa kuma Pythagoras zai bayar. A zurfin mita 0.2 saman man yana 0.8 ƙasa da tsakiya, rabin faɗinsa 0.6, faɗin duka 1.2, fili ya zama murabba'in mita 9.6. Idan ana ɗura kiyubik mita 1.2 a minti, man na hawa santimita 12.5 a minti. A tsakiyar tankin, inda faɗin ya kai mita 2, ya ragu zuwa 7.5. A zurfin 1.8 ya koma 12.5, kuma daga nan sai ƙara gudu yake yi har ya cika. Shi ya sa sandar awon irin wannan tanki ba ta da tazara ɗaya tsakanin layukanta, kuma shi ya sa ƙarshen ɗuri ne wurin da ya fi bukatar a sa ido.

Abin da ke kumbura ta kowane gefe ma wannan doka yake bi, sai dai fuskarsa ita ce dukan jikinsa. Balan-balan mai siffar ƙwallo girmansa V = (4/3)πr³ ne, saurin canjinsa

dV/dt = 4πr² × dr/dt,

4πr² kuwa shi ne faɗin fatar ƙwallo, wanda Archimedes ya tabbatar ya ninka faɗin babbar da'irarsa sau huɗu. Idan girman balan-balan yana ƙaruwa da kiyubik santimita 200 a daƙiƙa, a radiyos 5 yana faɗaɗa santimita 0.64 a daƙiƙa, a 10 ya koma 0.16, a 20 ya koma 0.04. Duk lokacin da radiyos ya ninka, saurin ya faɗo zuwa rubu'i, domin iskar da ta shigo sai ta rabu a kan fata mai ninki huɗu. Sau da yawa tambayar takan ci gaba: da wane sauri fatar ke miƙewa? S = 4πr², dS/dt = 8πr × dr/dt, a radiyos 10 ya ba da murabba'in santimita 40 a daƙiƙa. Sarƙar ta ƙara ƙwaya ɗaya ne kawai, daga V zuwa r, daga r zuwa S. A lura dai, idan tambaya ta ba da faɗin ƙwallon daga gefe zuwa gefe, sai an raba shi biyu kafin a sa, nan ma mutane na yawan tuntuɓe.

A juya lamarin, sai wani abu mai ban sha'awa ya fito. Dunƙulen ƙanƙara mai siffar ƙwallo ta fatarsa yake narkewa. Idan aka ɗauka abin da yake asara ya yi daidai da faɗin fatar, dV/dt = −k × 4πr², inda k lamba ce tsayayyiya. A kwatanta da layin sama, 4πr² ya fita daga gefe biyu, ya bar dr/dt = −k. Radiyos yana raguwa da sauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, duk da cewa ruwan da ke zuba da farko ya fi na ƙarshe nesa ba kusa ba. Haka ruwan da rana ke ƙafarwa: idan tururin da ke tashi ya yi daidai da faɗin saman, A ya kashe A, zurfin na sauka da sauri ɗaya komai siffar mazubin. Saboda wannan ne masana yanayi ke auna ƙafewar ruwa da milimita a yini. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce.

Tsibin yashi yana bukatar ɗan taka-tsantsan. Busasshen yashi idan ana zuba shi daga sama yakan yi mazurari a kife, gangarensa kusan digiri 34, wanda ke sa radiyos ɗin gindin ya zama kusan ninki ɗaya da rabi na tsayin. Da r = 1.5h, V = 0.75πh³, dV/dt = 2.25πh² × dh/dt. Idan ana zuba rabin kiyubik mita a minti, tsibin ya kai mita 2, to 2.25π × 4 kusan 28.3 ne, tsayin na ƙaruwa kusan santimita 1.8 a minti. Lambar 28.3 faɗin gindin ce, ba ta gangaren da yashin ke sauka a kai ba, ko da yake gangaren ya fi gindin faɗi. Babu saɓani a nan. Kaurin sabon yashin idan aka auna shi tsaye a jikin gangaren bai kai ƙarin tsayin tsinin ba, kuma abin da gangaren ya fi a faɗi shi ya rasa a kauri. Ƙa'idar fuska tana aiki muddin faɗin da saurin a fuska ɗaya aka auna su.

Akwai kuma tambayoyin da girman ciki ba ya canzawa sam, siffa ce kawai ke sauyawa. Man da ya malala a kan ruwa, bayan tsiyayar ta tsaya, yana ci gaba da bazuwa yana ƙara siranta. A ɗauke shi a matsayin faifai: V = πr²h, dV/dt = 0. Nan babu alwatika da za su haɗa r da h, tsayuwar V ce ke haɗa su. Sai 2rh × dr/dt + r² × dh/dt = 0. Hanya mafi sauƙi ta karanta wannan ita ce da kaso cikin ɗari: tunda r sau biyu ya shiga ƙa'idar, duk kason da ya ƙaru, h zai ragu da ninkinsa. Idan radiyos mita 50 ne yana ƙaruwa mita 2 a minti, kashi 4 cikin ɗari ke nan, kaurin na raguwa kashi 8 cikin ɗari a minti. Kaurin milimita 0.4 zai riƙa sauka milimita 0.032 a minti a wannan lokaci. Alamar ragi da ta fito a amsar ma'ana gare ta, ita ke cewa abin raguwa yake yi, kuma wanda ya manta sa ta a farko, inda aka ce ruwa fita yake yi, zai samu tanki yana cika alhali tsiyaya yake.

Idan ruwa na shiga yana kuma fita, dV/dt shi ne abin da ya rage bayan an cire mai fita daga mai shiga. Wannan ya sa lissafin ya zama hanyar gano abin da ido bai gani ba. A mazurarinmu, a ce famfo na zuba 3 kamar da, amma da aka auna a zurfin mita 3 sai aka ga ruwan na hawa 0.7 a minti maimakon 0.95. To abin da ke zama a ciki 0.7 × π ne, kusan 2.2, ke nan tankin na yoyon kusan kiyubik mita 0.8 a minti, lita 800.

Kowace amsa a gwada ta da ma'auni kafin a yarda da ita. Kiyubik mita a minti, a raba da murabba'in mita, ya ba da mita a minti. Idan wani abu daban ya fito, an zubar da wani abu a hanya. A kuma gwada ta da hankali, domin ƙa'ida tana da iyaka. A zurfin santimita 10, lissafin mazurarinmu ya ce ruwan na hawa kusan mita 860 a minti, kuma yayin da h ke kusantar sifili lambar na tafiya ba iyaka. Lissafin bai yi kuskure ba, zaton da aka gina shi a kai ne ya karye. An ɗauka saman ruwan a kwance yake shar, alhali sararin da ke ƙasan santimita 10 ɗin nan bai kai rubu'in lita ba, famfon kuwa lita 50 yake zubawa a daƙiƙa. Haka balan-balan na gaske: roba na matse iskar da ke ciki, don haka abin da aka hura ba shi ne daidai ƙarin girman ba. Ina ganin ya kamata malami ya riƙa faɗa wa ɗalibai waɗannan zatuttuka a fili, domin injiniya da su zai yi fama.

Zato mafi girma da littattafai ke yi shi ne cewa ruwa na fita da sauri ɗaya. Ta rami a gindin tanki ba haka yake fita ba. Evangelista Torricelli, Ba'italiyen da ya yi aiki da Galileo a ƙarshen rayuwarsa, ya buga a 1644 cewa ruwa na fita da saurin da abu zai kai idan ya faɗo daga saman ruwan zuwa ramin, wato √(2gh), inda g, ƙarin gudun da abu ke samu yayin faɗowa, yake kusan mita 9.8 a daƙiƙa a kowace daƙiƙa. A zurfin mita 5 kusan mita 9.9 a daƙiƙa ne, kuma sai zurfin ya sauko zuwa rubu'i, mita 1.25, kafin saurin ya yi rabi. Idan faɗin ramin a ne, layinmu ya zama

A × dh/dt = −a√(2gh).

A silinda A na tsaye, don haka saukar na ta raguwa yayin da matsin ruwan ke sauƙi. Idan aka warware wannan har ƙarshe, wanda aikin darasin gaba ne, za a ga rabin zurfin na farko yana ɗaukar kashi 29 cikin ɗari na lokacin, rabin ƙarshe kashi 71. A mazurari mai tsini a ƙasa abin ya juye. Matsin na raguwa, amma faɗin saman ya fi shi saurin tsukewa, sai rabin farko ya ci kashi 82 cikin ɗari, rabin ƙarshe ya zube cikin kashi 18.

Tunda silinda rage gudu take yi, mazurari kuma ƙarawa, dole akwai wata siffa a tsakaninsu da samanta zai sauka da sauri ɗaya. Wannan ita ce matsalar masu ƙera agogon ruwa. Agogon da aka samo a Karnak ta Masar, na zamanin Fir'auna Amenhotep na uku, ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, bangonsa a karkace yake, baki ya fi gindi faɗi, an kuma yi alamomin sa'o'i a jikinsa ta ciki. Layinmu yana faɗin siffar da ake nema daidai. Domin dh/dt ya tsaya, dole A ya tafi kafaɗa da kafaɗa da √h. A kuwa πr² ne, saboda haka r⁴ ne zai tafi kafaɗa da kafaɗa da h: kafin radiyos ya ninka sau biyu, sai tsayin ya ninka sau 16. Mazubin zai buɗe da sauri kusa da gindi, sannan bangonsa ya miƙe kusan tsaye. Miƙaƙƙen bango mai karkata irin na Karnak kusantar wannan lanƙwasa yake yi a wani yanki na tsayin, ba ya bin ta duka. A ɗan ƙaramin rami irin na agogo kuma danƙon ruwa na shiga lissafin, danƙon kuwa yana ƙaruwa da sanyi, don haka dokar Torricelli ita kaɗai ba ta isa a yanke sa'o'in dare daidai ba sai an haɗa da awo.